Laraba Ta Ƙetare Kogi

Juma'a, 21 ga Fabrairu, 2025

Yau shekara ashirin da biyar cif da rikicin shari'a. Ranar Litinin aka fara. Ina shagona a kasuwar Panteka ina bugun murfin akwati sai muka hango hayaƙi, kowa ya yar da guduma. Ban manta ba. Ni ba na mantuwa, shi ne ciwona na farko kafin wannan.

Littafin nan Deborah ce ta kawo, wai 'yata Maijidda ta riƙa rubuta lambar hawan jinina kullum. Lamba layi ɗaya take ci, sauran takardar ta zauna a banza? Wata uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, sun ishe ni. Hannun dama dai lafiyarsa lau. Na hagu ne ya mutu, da ƙafar, tun watan jiya. Kwana arba'in da rasuwar matata Hasiya abin ya same ni, a bakin rijiya.

Deborah 'yar Istifanus ce, maƙwabcinmu na da, ɗan reluwe. A ɗakin Hasiya muka ɓoye su kwana biyu a wancan rikici, shi da iyalinsa, har sojoji suka zo suka kwashe su. Ya ƙetare kogi, ya sayar da filin gidan ta hannun dillali, ko sallama. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ta raba mu, ko sallama. Na rantse ni ma ba zan taka gadar nan ba, kuma ban taka ba. Ita yarinyar ta zo ta'aziyyar Hasiya, ta durƙusa tana kuka kamar uwarta ce ta mutu. A asibiti take aiki, wajen masu motsa wa mutane gaɓɓai. Yanzu duk Talata da Asabar sai ta biyo ta murɗe ni.

Lamba: ɗari da tamanin da biyu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ɗana Kabir ya zo daga Rigachikun. Ya zauna yana ta juya makullin mota a hannu, na san da magana. Ya ce, “Baba, Maijidda tana da nata gidan, ba za ta yi ta zirga-zirga da kwano ba har abada.” Ya ce ya gyara mini ɗaki a can, har da fanka. Wannan gida kuma a zuba 'yan haya.

Na ce a nan aka yanke cibiyarka, mara kunya.

Mun tsaya a kan haka: zuwa Asabar ɗin bayan ƙaramar Sallah, in na iya takawa da ƙafata zuwa masallacin layi, na kuma riƙe kofi da hagu, zai ƙyale ni. In ban iya ba zan shiga mota ba gardama. Na ce na yarda. Da ya fita na gwada ɗaga kofin. Ko motsi.

Su zuba 'yan haya a ɗakin Hasiya. Su rataya wandunansu a ƙusar da take rataye carbi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Magen nan ta hana ni sakat. Ta Hasiya ce, ran Laraba ta tsince ta a kwata shekara shida da suka wuce, shi ya sa take ce mata Laraba. Tun ranar na ce ba na son dabbar da ba a ci ba a hawa. Hasiya ta ce, “Malam, kai ma ba a ci ba a hawa, ga shi ina ba ka tuwo.”

Kullum da hantsi sai ta je ƙofar ɗakin Hasiya ta zauna tana kuka. Na jefe ta da takalmi, ban same ta ba.

Asabar, 1 ga Maris

Azumi ɗaya. Likita ya hana ni saboda magani. Tun ina ɗan sha uku ban sha azumi ba, ko shekarar farin nan da aka yi ta layin hatsi. Yau Maijidda ta ajiye mini kunu da kifi da rana tsaka, ta juya baya don kada in ji kunya. Na ture.

Deborah ta kawo wata ƙwallon roba wai in riƙa matsawa. Na ce ni da na yi shekara hamsin ina lanƙwasa ƙarfe za a ba abin wasan yara? Ta ce, “Baba, ƙarfen ma da wuta ake lallashinsa.” Bakin ubanta ta ɗauko.

Litinin, 3 ga Maris

Duk layin nan ni da mage kaɗai muke ci da rana. Ta zo ta zauna gabana tana kallon kifin. Na cire kan na jefa mata don ta tafi. Ba ta tafi ba. To tunda na riga na fasa kifin sai na ci tsakiyar.

Alhamis, 6 ga Maris

Bayan azahar ina kishingiɗe a tabarma ta hau kan hannun da ya mutu ta kwanta. Ban kore ta ba don ba ni da hannun kora a wannan gefen. Sai ta fara wannan gurnani nata na ciki, wanda Hasiya ke cewa carbi take ja. Ɗumi. Wallahi na ji ɗumin. Wata ɗaya da rabi hannun nan kamar icce aka jingina mini, yau na ji nauyin abu a kansa.

Na yi barci har la'asar ta kusa wuce ni.

Asabar, 8 ga Maris

Deborah ta same mu a haka, magen na kwance a kan hannun. Ta tsaya a bakin zaure, sai ta ce, “Baba, kada ka motsa. Dubi yatsunka.” Na duba. Biyu daga ciki suna cikin gashin magen, suna ɗan sosawa. Ni ban aike su ba.

Ta ajiye ƙwallon a jaka. Ta ce daga yau aikina shi ne in shafa ta daga kai zuwa wutsiya sau ashirin, safe da yamma, da hagu. Ta ce a wasu ƙasashe har asibiti ake shiga da irin waɗannan dabbobi wurin tsofaffi da masu ciwo irin nawa, zuciya takan kwanta, jini ya sauka, mutum ya sami dalilin tashi. Na ce ƙasashen da ba su da aikin yi. Ta yi dariya ta ce amma kada in kuskura in bar shan magani, mage ba ƙwaya ba ce.

Lamba: ɗari da sittin.

Talata, 11 ga Maris

Magen tana ƙarzar ƙofa da asuba sai an buɗe mata. Da Maijidda nake jira. Yau na ja jiki da bango na buɗe da kaina, taku bakwai. Don dai ta daina ƙarzar ne.

Na yi shafa arba'in. Na ƙirga.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kama kaina ina ba magen labari. Ina gaya mata gidajen layin nan ɗaya bayan ɗaya yadda suke kafin rikici: na mai wanki, na malamar asibiti 'yar Kagoro, na Istifanus mai bishiyar gwaiba wadda rassanta ke zubo mana 'ya'ya a tsakar gida, Hasiya tana tsincewa tana cewa rabon maƙwabci ne. Yanzu duk layin ba wanda ya san an taɓa yin gwaiba a wurin. In an yi gardamar shekara ni ake zuwa tambaya, amma ba mai zama ya ji har ƙarshe. Ita ta zauna.

A tsakiyar labarin na ce, “Ko ba haka ba, Hasiya?”

Shiru.

Lamba: ɗari da arba'in da takwas.

Asabar, 15 ga Maris

Abin kunya ya faru.

Tsofaffin abokan aiki uku sun zo daga Panteka duba ni. Muna zaure sai ga Deborah, ga mage a cinyata, na manta ma tana wurin. Yarinyar nan da murnarta ta ce, “Ku gaisa da likitan Baba, ita ta tashi hannun nan.” Suka kwashe da dariya har ɗaya yana tari. “Sarkin Ƙira ya koma reno!” “Ja'afaru, yaushe za a yi suna?” Wani ya ce a saya mini zani.

Na yi dariyar yaƙe. Ni da yara ke ɓuya in sun ji takuna a Panteka.

Lahadi, 16 ga Maris

Na kira Kabir. Na ce ya sa magen a buhu ya kai ta ƙetaren kogi ya sake ta. Tun muna yara haka ake yi: in ka yar da mage a wannan gefen, ko Rigasa ka kai ta sai ta dawo, amma ba ta ƙetare ruwa. Ya ce, “Baba, ta Inna ce fa.” Na ce Innarka tana kabari, ni ne a raye, kuma ni na ce.

Ba ta yi gardama ba da ya ɗauke ta. Ta saba da hannu. Sai da ya ɗaure bakin buhun ta fara kuka.

Kwanon da Hasiya ke zuba mata abinci na take shi da ƙafar dama har ya baje, na ce a zubar.

Litinin, 17 ga Maris

Gida shiru. Haka nake so.

Laraba, 19 ga Maris

Ba wanda ya ƙarzi ƙofa. Ban tashi ba sai da Maijidda ta zo.

Juma'a, 21 ga Maris

Kifi ya koma wa Maijidda yadda ta kawo shi. Ta ce, “Baba, kwana nawa ke nan?” Na ce ba daɗi. Ta auna ni ta rubuta da kanta: ɗari da tamanin da tara. Ta fita tsakar gida ta yi waya a hankali, ta ɗauka ba na ji. Na ji “Rigachikun”.

Yatsun sun sake naɗewa. Na shafa bargo da su, ba ɗaya ba ne. Bargo ba ya numfashi.

A ƙetare akwai karnuka. Akwai manyan motoci. Ba ta taɓa fita layin nan ba tun da aka tsince ta. Ta san ma yadda ake neman abinci a bola? Hasiya ta lalata ta da kan kifi.

Hadisin matar nan da ta tsare mage ba ci ba sha ya yi ta zuwa mini. Ni ban tsare ta ba. Na sake ta ne. Haka nake ta gaya wa kaina. A watan azumi kuma.

Asabar, 22 ga Maris

Deborah ta zo, na juya fuska bango. Ta murɗa ƙafar, ta murɗa hannun, ba hira. Da za ta tafi ta ce, “Baba, ni na jawo da bakina. Ka yafe mini.” Laifin wa zan yafe?

Saura mako biyu. Kofi ya faɗi sau uku.

Lahadi, 23 ga Maris

Na sa Maijidda ta buɗe mini ɗakin Hasiya. Tun ranar bakwai ban shiga ba. Ƙamshin turarenta ya kusa ƙarewa. A kan gado, gefen bango, akwai wani ɗan lotsawa cike da farin gashi. Ashe Laraba ta taga take shiga ta kwanta a wurin.

Ni ban iya shiga ba wata uku. Ita kullum.

Na zauna a bakin gadon. Abin da ban yi ba ranar jana'iza, don mutane na kallo, yau na yi shi. Maijidda ta ja ƙofa ta bar ni.

Talata, 25 ga Maris

Deborah ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta ce tana da magana, in na ga dama in kore ta bayan ta gama.

Kabir bai yar da magen ba. Ya ƙetare gada da buhun, ya tsaya a bakin hanya, ya kasa kwancewa. Sai ya kira Deborah. Laraba tana gidansu a Narayi tun ranar.

Na ce wa ya sa shi?

Ta ce in bari ta ƙarasa. Istifanus shekara uku ke nan tunaninsa ya tafi. Matarsa ta rasu bai san ta rasu ba. Ita kanta Deborah wani lokaci yakan ce mata “Sista” kamar a asibiti yake. In yamma ta yi sai ya tashi ya ɗau hula yana dukan ƙofa wai zai tafi gida, jirgin Kafanchan ya kusa shigowa. Har sai an riƙe shi, yana zagi, mutumin da bai taɓa zagin kowa ba. Ran da aka kawo magen ta ɓuya ƙarƙashin gado kwana biyu. Rana ta uku da yamma, ya ɗau hula ke nan, ta fito ta goga masa jiki a ƙafa. Ya zauna. Ta hau cinyarsa. Tun ranar bai doki ƙofa ba.

Ta ce shekaranjiya yana shafa ta sai ya ɗago ya ce, “Sarkin Ƙira ya dawo daga Panteka? A kai masa gwaiba.”

Na ce ƙarya kike, 'yar nan.

Ta ce, “Baba, sunana ya manta. Naka ne bai manta ba.” Ta ce bayan rikici sau biyu ya zo har bakin layinmu, ya hango bangon gidansa baƙi ƙirin, ya juya. Ya ce wa uwarsu ba shi da fuskar da zai kalli mutumin da ya sa ransa a kansu, alhali shi guduwa zai yi ya bar shi. Daga baya kuma kwana ya yi yawa, kunya ta yi nauyi.

Na ce a dawo mini da magena gobe.

Ta miƙe ta gyara jaka. Ta ce, “A buhu ta tafi, ba za ta dawo a buhu ba. Mai ita ya zo da ƙafarsa.” Ta fice. Ko ubanta bai kai ta taurin kai ba.

Laraba, 26 ga Maris

Taku goma sha ɗaya, da sanda. Na ci kifin duka. Na ajiye wa Laraba kan, sai na tuna ba ta nan, na ba Maijidda ta zubar.

Alhamis, 27 ga Maris

Na sa an fito mini da ƙaramar guduma da almakashin ƙarfe da guntun dogon reluwe da nake bugu a kai. Istifanus ne ya kawo mini shi shekarar da soja suka canza launin kuɗi, ya ce ya ƙare aiki a ƙarƙashin jirgi, ya zo ya huta a ƙarƙashin gudumata. Na samo babban gwangwanin madara, zan yi wa Laraba sabon kwano.

Dama ke bugu, amma hagu ke riƙewa tana juyawa. Wanda bai yi ƙira ba bai san wannan ba. Gwangwanin ya kuɓuce ya fi sau ashirin. Na yanke a babban yatsa, na ga jini, na ji zafi. Na yi hamdala da zafin.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. A mota aka kai ni Idi, a kujera na yi. Sallar farko ba tuwon Hasiya. Jikoki sun cika gida, ƙaramar ta tambaya ina Laraba, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Kabir ya durƙusa zai fara ba ni haƙuri a kan buhun. Na ce tashi, ka saɓa mini, Allah ya yi maka albarka. Ya rasa wanne zai ɗauka.

Ya ce maganar Asabar tana nan fa. Na ce na sani, ni na haife ka.

Talata, 1 ga Afrilu

Har ƙofar gida da dawowa, sau uku. Na faɗi sau ɗaya a zaure, ba wanda ya gani, don haka ban faɗi ba.

Deborah ta auna: ɗari da hamsin da biyar. Ban tambaye ta komai ba. Ita ta ce da kanta, Laraba tana ci, ta yi ƙiba ma, amma da hantsi takan zauna a bakin ƙofa tana kuka.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na yi la'asar a masallacin layi. Taku ɗari da shida zuwa, na ƙirga, na huta sau biyu a jikin katangar da ta maye gurbin gwaiba. Liman ya ga shigowata ya ce Allahu akbar tun kafin a ta da salla. Da na dawo na sha ruwa da hagu a gaban Maijidda, rabi ya zube a riga, rabi ya shiga. Ta kira Kabir tana kuka. Ya ce gobe ƙarfe goma zai zo ya gani da idonsa.

Kwanon ya ƙare. Bakin ya karkace, da yaron shagona ne ya yi shi da na ja masa kunne. Amma na naɗe gefen sosai, ba zai yanki harshe ba.

Rantsuwar gada na tambayi Liman, ya ce in ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Shekara ashirin da biyar, ashe abin da ke tsakanina da ƙetare kwano goma ne.

Ba wai don Istifanus ba. Magena zan ɗauko. Sai dai in mutum ya je gidan mutane ai ya gaisa. Shi ba ya tunawa, ni ba na mantuwa, in aka haɗa mu wataƙila a sami mutum ɗaya mai lafiya. Zan fara masa daga gidan mai wanki, in bi layin gida-gida, in ga inda zai tare ni.

In magen ta biyo ni, to. In ta zaɓi cinyarsa, ba zan ɗaga ta ba, ya fi ni buƙata da yamma. Sai in bar musu kwanon, in riƙa leƙawa ina duba ko bakin ya buɗe. Aikin hannuna ne, dole in bi sawunsa.

Maijidda ta samo gwaiba a Kasuwar Barci, ba ta nuna sosai ba.

Gobe in Allah ya kai mu, in na yi asuba zan sa farar rigar da Hasiya ta ajiye mini a ƙasan akwati, in kulle ɗakinta, in sa makullin a aljihuna. Kwano da gwaiba a leda, ledar a hannun hagu. Ba zan jira Kabir a gida ba. Zan taka har bakin titi ya same ni a tsaye, in ce masa ya juya kan motar, ba Rigachikun za mu ba, gada za mu hau.